Hokin Ƙanƙara: Wace Ƙasa Ta Fi 'Yan Wasa, Jiya da Yau? Tambayoyi da Amsoshi

Gardamar da masu bin hokin ƙanƙara ba sa gajiya da ita ita ce ta wace ƙasa ta fi tara gwanaye, kuma wai 'yan da ne suka fi ko 'yan yanzu. Matsalar dai yawanci kowa sunaye uku-huɗu yake jerowa ya ce shi ke nan ya gama magana, alhali abin ya wuce nan. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Idan aka ce ƙasa kaza tana da 'yan wasa, me ake nufi takamaimai?

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai taurarin da ke can sama, akwai kuma zurfin benci, wato in ka cire goman farko su wa suka rage. A hoki wannan na biyun ya fi nauyi sosai saboda yadda wasan yake. Mutum shida ne a fili daga kowane ɓangare har da gola, amma ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 yana zamiya da cikakken gudu sai ya koma benci wani ya faɗo, ana wasa ana canji ba a tsayawa. Shi ya sa kulob a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ke sa wa mutum 20 riga a kowane wasa, layi huɗu na 'yan gaba, tagwaye uku na 'yan baya, sai gola biyu. Tauraronka ko ya kai wa ya kai, in ɗan gaba ne minti 20 da 'yan kai zai yi cikin 60, sauran lokacin wasu ne za su riƙe maka wasan.

To ka ga Jamus tana da Leon Draisaitl wanda ya zama gwarzon NHL a 2020, Sulobeniya ta fitar da Anže Kopitar, amma ba mai cewa waɗannan ƙasashen sun kamo ƙafar Suwidin. Layi na uku da na huɗu ne ke tona asiri.

Gaskiya ne Kanada ta ja baya?

Ni dai ban yarda da kalmar ja baya ba, an dai cim mata ne. A zamanin da NHL take da kulob shida kacal, daga 1942 zuwa 1967, sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan wasa 'yan Kanada ne. Zuwa wajen 1990 kason ya sauko kusan kashi uku cikin huɗu, a kakar 2015-16 ya faɗo ƙasa da rabi, yanzu yana kashi 40 da 'yan kai, Amurka na neman 30, Suwidin wajen 10. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluman kawai sai ya ɗauka gida ya rushe. Amma fa ka tuna kulob shida ne da, yanzu 32 ne, don haka kashi 40 na yau ya ninka kashi 90 na wancan lokacin in mutane za ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Kanada ba ta rage fitar da 'yan wasa ba, kasuwar ce ta buɗe kowa ya shigo da hajarsa.

Kuma a can saman ma ba a taɓa samun giɓi ba. Gordie Howe ya miƙa wa su Bobby Orr, aka zo Wayne Gretzky da Mario Lemieux, aka zo Sidney Crosby wanda aka ɗauka na farko a zaɓen matasa na 2005, wato zaɓen da kulob-kulob ɗin NHL ke yi duk shekara su ɗauki sababbin yara, bayan shekara goma cif Connor McDavid a 2015, ga Nathan MacKinnon da Cale Makar a gefensa, ga kuma yara su Connor Bedard da Macklin Celebrini sun iso. Babu wata ƙasa da ta taɓa jera irin wannan ba yankewa.

To amma tun 1993 kulob ɗin Kanada bai ci kofin Stanley, kofin zakaran NHL, ba, wannan fa?

Haka ne, Montreal ce ta ƙarshe. Sai dai wannan maganar kulob ce ba ta ƙasa ba. Kulob ɗin Florida ko na Vegas da ke ɗaga kofin cike suke da 'yan Kanada, kulob ɗin Toronto kuma babban mai ci masa Ba'amurke ne.

Gretzky da McDavid, za a iya gwada su da alƙaluma?

Za a iya amma sai da taka-tsantsan. Gretzky ya yi ritaya da maki 2,857, a ciki 894 ci ne da kansa, 1,963 kuma taimakawa ya yi wani ya ci. Abin da ke sa mutum ya riƙe baki shi ne ko bai taɓa jefa ko ɗaya a raga ba, taimakon nan kaɗai ya fi jimillar makin wanda ke biye da shi, Jaromír Jágr mai 1,921. A kakar 1985-86 ya tara 215. McDavid mafi yawan da ya yi 153 ne a 2022-23.

Sai dai wasan da Gretzky ya buga daban yake. A farkon shekarun 1980 ana jefa kusan takwas a wasa ɗaya in ka haɗa ɓangarorin biyu, gololi a tsaye suke tarewa da ƙananan kayan kariya, wani lokaci ka ga gola ya kai ƙafa kamar mai korar kaza. Zuwa 2003-04 abin ya faɗo biyar da ɗan ɗori saboda riƙe-riƙe da toshe tsakiyar fili, har sai da aka rasa kakar 2004-05 gaba ɗaya kan rikicin albashi aka dawo da sababbin dokoki. Yanzu wajen shida ake ci. Ga kuma abin da mutane ke mantawa, shekarun da Gretzky ya fi tashe gwanayen Tarayyar Sobiyet ba sa NHL sam, na Cakoslobakiya ma sai wanda ya gudo. McDavid kuwa da kowa na duniya yake karawa. Duk da haka a ganina Gretzky yana gaba, don tazarar da ya ba 'yan zamaninsa, waɗanda su ma gololin nan masu rauni suke fuskanta, ba a sake ganin irinta ba. Hanyar da ta fi adalci kenan, ka gwada mutum da tsararsa tukuna sannan ka gwada tazarar.

Ina za a ajiye Tarayyar Sobiyet a wannan lissafi?

Nan ne ƙirgen 'yan NHL yake ƙarya kwata-kwata. In da shi za ka bi, sai ka ce Sobiyet ba ta da ɗan wasa a shekarun 1970, alhali ita ta ci zinaren Olamfik a 1956, 1964, 1968, 1972, 1976, 1984 da 1988. 'Yan Kanada da suna cewa ai don ba a barin ƙwararrunmu su je ne, sai aka shirya wasanni takwas a Satumbar 1972 tsakanin taurarin NHL na Kanada da Sobiyet. Wasan farko a Montreal, Kanada ta fara jefa biyu kowa na murna, aka tashi 7-3 Sobiyet ta ci. Valeri Kharlamov ya riƙa ratsa 'yan baya, ga wani yaro ɗan shekara 20 a raga, Vladislav Tretiak, da aka ce musu ba shi da kyau. Da ƙyar Kanada ta sha, ta ci huɗu, ta sha kashi uku, canjaras ɗaya, kuma sai a wasa na takwas a Mosko saura daƙiƙa 34 Paul Henderson ya jefa wadda ta raba gardama. A 1981 kuma Sobiyet ta lallasa Kanada 8-1 a wasan ƙarshe na kofin Kanada, da Gretzky a fili.

Amma in ana maganar yawan 'yan wasa akwai inda gizo ke saƙa. Tsarin Sobiyet tattara gwanaye yake yi a kulob ɗin soja na CSKA Mosko, su zauna a sansani kusan shekara gaba ɗaya suna atisaye tare, su Larionov da Makarov da Krutov a gaba, Fetisov da Kasatonov a baya, mutum biyar da suka san numfashin juna. Kanada kuwa makonni kaɗan take haɗa nata. Don haka tawagar Sobiyet ta fi zama tawaga, amma da za a ce kowace ƙasa ta kawo tawaga uku, ina ganin Kanada za ta cinye ta biyu da ta uku ba wahala.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1989 da Alexander Mogilny ya sulale a Stockholm, Sergei Fedorov ya bi a 1990, Pavel Bure ya iso 1991. Rasha ta ci gaba da fitar da manya, Alexander Ovechkin wanda a ranar 6 ga Afrilu 2025 ya jefa ta 895 ya karya tarihin Gretzky, Evgeni Malkin, Nikita Kucherov, Kirill Kaprizov. Inda take da ƙaranci a 'yan shekarun nan shi ne 'yan baya da 'yan tsakiya masu nauyin na da. Tun Fabrairun 2022 kuma hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta dakatar da ita saboda yaƙin Yukiren, saboda haka wannan tsarar tata a takarda kawai ake iya auna ta.

Ta yaya Amurka ta taso haka?

Wannan ce amsar da ta fi koyar da yadda tsara ke samuwa, don kusan kullum abin da ka gani a fili yau an shuka shi shekara 15 zuwa 20 da suka wuce. A Olamfik ta 1980 a Lake Placid Amurkawa ɗaliban jami'a ƙarƙashin koci Herb Brooks suka doke Sobiyet 4-3 suka je suka ci zinare. Yaran da suka kalli wannan a talabijin su ne suka girma suka doke Kanada a gasar World Cup ta 1996, wadda daban take da kofin duniya na IIHF na shekara-shekara, su Mike Modano, Brian Leetch, Keith Tkachuk da gola Mike Richter. Wannan zango na farko kenan.

Na biyu ya faro a Agustan 1988 da Edmonton ta sayar da Gretzky ga Los Angeles Kings. Daga nan NHL ta dinga kai kulob garuruwan da ko ƙanƙara ba ta sauka, San Jose 1991, Tampa 1992, Anaheim da Florida da Dallas 1993, Phoenix 1996, kuma duk inda kulob ya je sai an gina filayen ƙanƙara na cikin gini yara su fara koyo. Auston Matthews an haife shi a 1997, ya tashi a Arizona cikin hamada, mahaifiyarsa 'yar Meziko ce, kallon kulob ɗin Phoenix ne ya ja shi, a 2016 aka ɗauke shi na farko, a 2023-24 ya jefa 69. Ba don wancan cinikin na 1988 ba da wuya a ce yaron nan ya taɓa sa takalmin zamiya.

Sai abu na uku, a 1996 hukumar hoki ta Amurka ta buɗe wani shiri a jihar Michigan inda ake tara zaɓaɓɓun yara 'yan 16 da 17 su yi shekara biyu tare, makaranta da atisaye da wasa. Patrick Kane, Jack Eichel, Matthews, 'yan gidan Hughes, 'ya'yan Keith Tkachuk guda biyu Matthew da Brady, duk ta nan suka bi. In ka duba da kyau dabarar Sobiyet ce aka yi wa kwaskwarima. Ga kuma yawan jama'a, sama da miliyan 330 a kan Kanada mai miliyan 40, ko kaso ƙanƙani ne suka shiga wasan ya isa. Abin da ke taka musu birki tsada ce, kayan wasa da kuɗin hayar fili da tafiye-tafiye ba na talaka ba ne, kuma wannan ciwon Kanada ma tana fama da shi.

Suwidin da Finlan mutanensu kaɗan ne, ya suke yi?

Suwidin miliyan 10 da ɗori, Finlan miliyan biyar da rabi. Börje Salming ne ya je Toronto a 1973 ya kashe zancen cewa Turawan Yurob ba sa jure bugu. Tsarar zinare ta Suwidin ita ce ta Peter Forsberg, Mats Sundin, Daniel Alfredsson da Nicklas Lidström wanda ya zama gwarzon 'yan baya sau bakwai, suka ci Olamfik ta 2006 a Turin da 3-2 a kan Finlan. Wani ƙaramin gari a arewa, Örnsköldsvik, shi kaɗai ya fitar da Forsberg da Markus Näslund da tagwayen Sedin da Victor Hedman. A 2002 Belarus ta fitar da Suwidin daga Olamfik da 4-3, matasansu ma ba sa kataɓus a lokacin, sai suka zauna suka sake tsarin koyar da yara, shi ne ya haifar da ambaliyar 'yan baya irin su Erik Karlsson da Hedman da Rasmus Dahlin. Yau yawansu a NHL ya fi na zamanin Forsberg, amma tauraro a gaba mai girman Forsberg babu. Ga misalin ƙasar da zurfinta ya ƙaru samanta ya ɗan sauko.

Finlan ta daɗe tana da mutum ɗaya-biyu, Jari Kurri abokin layin Gretzky, sai Teemu Selänne da ya jefa 76 a kakarsa ta farko 1992-93, saura kuma gumi da horo da gola mai kyau. Kofin duniya na farko sai 1995 suka ci, a Stockholm kuma a kan Suwidin, wanda ya ƙara masa daɗi. Tsararsu ta yanzu ce ta fi kowace, Aleksander Barkov kyaftin ɗin Florida da ya ɗaga kofin Stanley a 2024 da 2025, Mikko Rantanen, Sebastian Aho, Miro Heiskanen.

Wace ƙasa ce tsararta ta da ta fi ta yanzu a fili ƙarara?

Cak da Sulobakiya, ba tantama. Nagano 1998 ce Olamfik ta farko da NHL ta saki 'yan wasanta, kowa ya sa ido kan Kanada. A wasan kusa da na ƙarshe aka tashi 1-1 da Cak, ƙarin lokaci bai raba ba, aka je bugun fenariti. Robert Reichel ya buga ta doki ƙarfe ta shige bayan Patrick Roy. Kanada ta turo mutum biyar, Theoren Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros, Shanahan, ba wanda ya wuce Dominik Hašek, golan da ke tarewa a kwance, a birkice, wani sa'in ya yar da sanda ya cafke da hannu, ta Lindros ce kawai ta kuɓuce masa ita ma ƙarfe ta doka. Gretzky yana zaune a benci ba a zaɓe shi ba, kai a sunkuye, har yau 'yan Kanada ba su yafe wa kocin ba. Cak ta doke Rasha 1-0 ta ɗau zinare, ta kuma ci kofin duniya 1999, 2000 da 2001 a jere. Sulobakiya ta ci nata a 2002, tana da su Peter Bondra da Miroslav Šatan, ga Zdeno Chára da Marián Hossa da Marián Gáborík da suka fito ta kulob ɗin Dukla Trenčín.

Duk waɗannan an raine su ne a tsarin gwamnatin gurguzu, inda kulob ke ba yaro kaya da koci kyauta. Da tsarin ya rushe a 1989, Cakoslobakiya ta rabu biyu a 1993, nauyi ya koma kan iyaye, haihuwa ta ragu, yara masu kyau kuma suka riƙa ficewa da wuri zuwa gasannin matasa na Kanada. Ba a ga illar nan take ba sai da tsofaffin suka fara ritaya aka duba baya ba kowa. Yanzu suna farfaɗowa, David Pastrňák ya ci wa Cak kofin duniya a Prag a 2024, Sulobakiya kuma ta samu na farko da na biyu a zaɓen 2022, Juraj Slafkovský da Šimon Nemec. Amma ba su koma inda suke ba tukuna.

Me ya faru da gololin Kanada?

A nan kam an ja baya da gaske. Da lardin Kebek masana'antar gola ce, Patrick Roy da kocinsa François Allaire suka yaɗa salon durƙusawa a buɗe gwiwa a toshe ƙasan raga, yara suka kwaikwaya, aka samu Martin Brodeur mai nasara 691, Roberto Luongo, Marc-André Fleury. Sai kowa ya koyi salon, Finlan da Suwidin suka zuba kuɗi a kocin gola tun daga ƙananan kulob, Rasha ta fito da Bobrovsky da Vasilevskiy da Shesterkin da Sorokin a lokaci guda, Amurka ga Connor Hellebuyck. Daga 2017 zuwa 2025 sau ɗaya tak ɗan Kanada ya ci kyautar Vezina ta gwarzon gola, Marc-André Fleury a 2021.

Me zai hana a ƙirga lambobin yabo kawai a huta?

Saboda yawancin gasannin ba da manyan ake zuwa ba. Kofin duniya na IIHF a watan Mayu ake yi lokacin da NHL ke tsakiyar wasannin neman kofin Stanley, wanda aka fitar da kulob ɗinsa ne kawai ke zuwa, in ma ya ga dama. Haka Denmak ta fitar da Kanada 2-1 a 2025, Amurka kuma ta ci kofin a shekarar karo na farko tun 1933. Olamfik ta 2018 da Rasha ta ci da ta 2022 da Finlan ta ci duk ba 'yan NHL. Inda kowa ya zo da cikakken ƙarfinsa a Olamfik daga 1998 zuwa 2014, Cak ɗaya, Suwidin ɗaya, Kanada uku, 2002 da 2010 da 2014, kuma a ta 2014 uku kacal aka jefa mata a wasa shida. Abin takaicin shi ne tsarar McDavid da Matthews ta cinye kusan shekara tara, daga 2016 zuwa 2025, ba a haɗa su a irin wannan gasa ba.

Gasar 'yan ƙasa da 20 fa, tana nuna gobe?

Tana ɗan nunawa in ka kalli shekaru da yawa a jere, ba shekara ɗaya ba. Amurka ba ta taɓa ci ba sai 2004, daga nan ta ci 2010, 2013, 2017, 2021, 2024, 2025, wannan ba sa'a ba ce. Kanada kuma Cak ta fitar da ita a kwata-fainal shekara biyu a jere, 2024 da 2025, har Latbiya ta doke ta a Ottawa. Sai dai fitattun yaran Kanada sau da yawa sun riga sun shiga NHL ba a sako su.

Akwai 'yan asalin Najeriya a wasan nan kuwa?

Akwai mana. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Ontario, ya buga baya a Buffalo da New York Rangers da Atlanta, shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL. Akim Aliu haifaffen Okene ne, ya buga wa Calgary. Jarome Iginla mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya jefa sama da 600 a NHL, kuma shi ya miƙa wa Crosby wadda ya ci Amurka da ita a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na Olamfik ta Vancouver 2010. Kyle Okposo shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ɗaga kofin Stanley da Florida a 2024. A lissafin ƙasashe dai Kanada da Amurka ake rubuta su, don can suka samu fili da koci.

To yanzu wa ke gaba?

A 'yan gaba na sama Kanada, a raga Amurka da Rasha, a 'yan baya Amurka da Kanada da Suwidin kusan kunnen doki. Gasar ƙasashe huɗu ta Fabrairun 2025 ta nuna yadda tazarar ta matse, a Montreal aka yi dambe uku cikin daƙiƙa tara na farko Amurka ta ci Kanada 3-1, a wasan ƙarshe a Boston kuma sai da aka je ƙarin lokaci McDavid ya jefa aka tashi 3-2, bayan gola Jordan Binnington, wanda ake ta yi wa gori kafin gasar, ya tare wasu da ya kamata a ce sun shiga. In tawaga ɗaya-ɗaya za a kawo, tsakanin Kanada da Amurka kowa na iya ci a ranar da ya tashi da sa'a. In uku-uku ne har yanzu Kanada zan ba, amma a 1996 ko 2010 da ba sai na tsaya tunani ba, yanzu kuwa tawagar Amurka ta biyu ma tana da golan da zai iya zama na ɗaya a Kanada.